Ƙwayar Nano a Gonar da Ba Ta Hutawa: Haɗin Gwiwar Fannonin Ilimi da Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi binciken kimiyya da fasahar nano daga bakin gonar manomin arewacin Jihar Kano, yankin da jama'a suka yi yawa har ƙasa ba ta samun hutu. Matsayinta shi ne, a irin wannan tsarin noma duk abin da aka zuba a gona sai ya ratsa ta tsiro da dabba da taki ya komo cikinta. Saboda haka babu sashen jami'a guda da zai iya yanke hukunci shi kaɗai a kan amfani ko illar wata ƙwayar nano. An kafa hujja da tarihin fannin, da binciken da aka yi a Tumbau, da labarin takin yuriya na nano a Indiya, da na buhun PICS, sannan aka nuna inda ya kamata aikin haɗin gwiwa ya fara.

Zinariya a kan tsinken gwaji

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai zazzaɓi asibitin sha-ka-tafi a Kunchi ko Makoɗa ya ga fasahar nano da idonsa, ko bai san sunanta ba. Ma'aikacin lafiya zai soki yatsan yaro, ya ɗiga jini a ramin 'yar farar robar gwaji, ya bi shi da ɗigon ruwan magani, a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin. In layi biyu suka fito, zazzaɓin cizon sauro ne. Jan launin layin nan, a yawancin irin waɗannan kayan gwaji, zinariya ce.

Zinariyar da aka sani rawaya ce. Amma idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu faɗin nanomita 'yan gomomi, sai ta koma ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000. Michael Faraday ya bayyana wannan jan ruwan zinariya a Landan tun 1857, alhali ba shi da na'urar da zai ga ƙwayoyin da ita. Abin da ake kira kimiyyar nano a yau shi ne nazarin abu a tsakanin nanomita 1 zuwa 100, inda launinsa da ƙarfinsa da saurin narkewarsa, har da gubarsa, suke sauka daga kan yadda aka saba.

Ɗaya daga dalilan wannan sauyi ba shi da wuyar ganewa. Kowace mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa, domin ruwa yana samunta ta kowace fuska. Dunƙule mai santimita ɗaya a kowane gefe yana da fuska murabba'in santimita 6. A yanyanka shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita ɗai-ɗai, jimillar fuskarsu za ta kai murabba'in mita 6,000, fiye da rabin hekta ke nan. Duk wata ma'amala ta sinadarai kuwa a kan fuska take faruwa, mai amfani ce ko mai cutarwa.

To a wane sashe na jami'a za a ajiye wannan tsinken gwaji? Masanin sinadarai ne ya san yadda ake fitar da ƙwayoyin zinariya masu girma ɗaya. Masanin garkuwar jiki ne ya samar da sinadarin da ake liƙa musu don su kama furotin ɗin ƙwayar cutar. Injiniya ne ya ƙera takardar da jini ke bi. Kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawara a 2010 cewa a riƙa gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓi ba, da wuya tsinken ya iso Kunchi da yawan da ya iso.

Haka fannin ya taso tun farko. Ana yawan ambaton laccar Richard Feynman ta Disamba 1959 a Kalifoniya, da Norio Taniguchi na Japan wanda ya yi amfani da sunan fasahar a 1974, da na'urar da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera a ɗakin binciken IBM na Zurich a 1981, wadda ta sa aka iya ganin atam ɗai-ɗai. Amma labarin da ya fi dacewa da wannan maƙala shi ne na Satumba 1985. Harold Kroto na Jami'ar Sussex yana da tambaya a kan sarƙoƙin kabon da ke kewaye da wasu taurari. Richard Smalley na Jami'ar Rice a Amurka yana da na'urar leza da ya ƙera don wani aiki dabam. Robert Curl ne ya haɗa su. Cikin 'yan kwanaki suka ci karo da wani ƙwallo na atam 60 na kabon, suka laƙaba masa sunan wani mai zanen gine-gine, Buckminster Fuller, suka kuma karɓi kyautar Nobel a 1996. Mai tambayar ba shi da na'ura, mai na'urar kuwa ba tambayarsa ba ce.

Ƙasar da ba a barinta saura

Yankin da ake magana a kansa ya faro daga Ungoggo da Gezawa da Minjibir, ya bi ta Dawakin Tofa da Bichi har Ɗambatta. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, shi ne ya fito da sunan wannan yanki a idon masanan duniya, tun da rahoton da suka wallafa shi da J. Wilson a 1965. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ɗaruruwan mutane suna rayuwa a kan kowane murabba'in kilomita, kusan duk filin da zai nomu ana noma shi kowace damina, amma ƙasar ba ta mutu ba kamar yadda littattafan lokacin suka yi hasashe.

A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau a ƙaramar hukumar Gezawa tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Amsar da ta samu manomi ya riga ya san ta a aikace. Gero da dawa suna tafiya tare da wake da gyaɗa a gona ɗaya, sau da yawa a tsarin gicci. Ƙulle-ƙullen da ke saiwar wake da gyaɗa gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu janyo naitirojin daga iska. Da an cire wake sai a nannaɗe harawa a ɗora kan rufin ɗaki ko cikin rassan bishiya. Da damina awaki da tumaki suna turke a gida ana yanko musu ciyawa. Kashinsu da ragowar karmami da toka da sharar tsakar gida su taru a juji. Da rani a loda a mangala, jaki ko amalanke ya kai gona, a jera tsibi-tsibi ana jiran ruwan shuka. Takin zamani yana shiga, amma gwargwadon aljihu.

Har ƙurar hunturu tana da nata kaso. Grant McTainsh ya auna saukarta a Kano ya wallafa a mujallar Nature a 1980, kuma an san babban tushenta kwarin Bodele ne a Chadi, busasshen gindin tsohon tafki.

Ƙasar kanta jigawa ce mafi yawa. Yashi ya rinjayi laka, lakar da ke akwai kuma ba mai riƙe abincin tsiro sosai ba ce. Yuriyar da aka watsa a sama wani kaso nata yana tashi iska, wani ruwa ya tafi da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Don haka idan masanin nano ya ce zai iya ƙera takin da ke sakin naitirojin a hankali, ya taɓo buƙata ta gaske. Sai dai ya sani cewa ƙwayar da ya fesa wa wake a Agusta tana cikin harawa a Nuwamba, tana cikin akuya a Janairu, kuma abin da jikin akuya bai riƙe ba zai komo gonar nan a Afrilu. Wani kason harawar ma birni za a kai shi, ragon layya ya ci.

Abin da ake yi a ɗakunan gwaji

Akwai wani salon bincike da ya yaɗu a jami'o'in ƙasar nan. A tafasa ganyen zogale ko darbejiya ko lalle, a tace, a zuba cikin ruwan gishirin azurfa. Bayan ɗan lokaci ruwan ya rine ya koma ruwan ƙasa, alamar ƙwayoyin azurfa sun samu. A auna da na'urar haske, a ɗiga a farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta, washegari a ɗauko rula a auna da'irar da suka mutu. A ƙarshen rahoto a rubuta cewa ana iya amfani da wannan a noma da magani da tace ruwa.

Ba a raina wannan aiki ba. Yana da araha, yana horar da ɗalibi, kuma da shi mutane da yawa suka shigo fannin. Matsalarsa ita ce a bakin farantin yake tsayawa, sai a canza ganye a sake maimaitawa. Azurfa tana kashe bakteriya, wannan ne ma dalilin yin ta. To bakteriyar da ke saiwar wake fa, wadda rabin lissafin Tumbau ya dogara a kanta? Masanin sinadarai ba shi da kayan amsa wannan, kuma ba laifinsa ba ne. Tambayar tana hannun masanin ƙwayoyin halittar ƙasa, wanda wataƙila ofishinsa yana bene na gaba.

Inda aka haɗu aka yi tambayar, amsar ta sa an yi tsam. A 2012 wata tawaga ƙarƙashin Patricia Holden ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wadda ta ƙunshi masana muhalli da sinadarai da tsirrai daga cibiyoyi da dama, ta shuka waken suya a ƙasar gona da aka gauraya da ƙwayoyin nano iri biyu. Na sinadarin siriyom, wanda ake sakawa a man dizal, sun durƙusar da aikin janyo naitirojin a saiwa inda aka zuba su da yawa. Na zinki kuwa tsiron ya sha, zinkin ya taru a ganye da 'ya'ya. Ga manomin Amurka ganyen waken suya shara ce da ake barin ta a gona. Ga manomin Minjibir harawa kuɗi ce, wani lokaci ma ita ce ke fitar da shi idan tsaba ta ƙi.

Kwalba da buhu

A 2021 kamfanin IFFCO, babbar ƙungiyar gama-kai ta taki a Indiya, ya fito da ruwan yuriya na nano. Aka ce kwalba ɗaya mai rabin lita, a fesa a ganye, za ta maye gurbin buhun yuriya mai kilo 45. Gwamnati ta mara masa baya, aka gina masana'antu, aka sayar da miliyoyin kwalabe.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Kwalbar tana ɗauke da naitirojin kashi 4 cikin ɗari, giram 20 ke nan. Buhun yana da kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 20 da ɗoriya. Tazarar ninki dubu ce. Tan ɗaya na hatsi kuwa yana fita daga gona da naitirojin da ya haura kilo 10, kuma ƙanƙantar ƙwaya ba ta haifar da atam ɗin da babu shi. Idan amfani bai ragu a shekarar farko ba, to tsiro ajiyar ƙasa ya ci. A 2023 Max Frank da Søren Husted na Jami'ar Kopenhagen suka wallafa sharhi a mujallar Plant and Soil suna cewa babu hujjar kimiyya da ta tallafi wannan da'awa, gwajin Jami'ar Aikin Gona ta Punjab kuma ya nuna raguwar amfanin shinkafa da alkama. Da an zaunar da masanin abincin tsiro guda mai 'yancin cewa a'a tun ranar farko, da ya yi wannan lissafi a bayan ambulan. Ƙasar Punjab ma tana da ajiyar da za a ci na ɗan lokaci. Jigawar Tsanyawa ba ta da ita.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai aikin kirki a fagen. A Sirilanka, Nilwala Kottegoda da abokan aikinta sun ɗaure yuriya a jikin ƙwayoyin nano na ma'adinin da ƙashi ke ƙunshe da shi, suka nuna a mujallar ACS Nano a 2017 cewa tana saki a hankali, suka kuma gwada a gonar shinkafa da kusan rabin naitirojin ɗin da aka saba ba tare da amfani ya faɗi ba. Nan kilo ne ake ragewa, ba a mayar da kilo giram ba. (Masu neman abin bincike su tuna da tulin ƙashin da ke abbatuwar Kano.) Christian Dimkpa, masani ɗan asalin Nijeriya, ya nuna a 2019 a cibiyar IFDC da ke Alabama cewa ƙwayoyin nano na zinki sun rage wa dawa illar fari, sun kuma ƙara zinki a tsabarta. Amma a tukwane aka yi gwajin, cikin rumfar gilashi. Kuma duk wani takin nano da zai zo nan ba da gonar da ba a sa wa komai ba za a gwada shi ba. Abokin karawarsa shi ne takin gida haɗe da dabarar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada a Sadore ta Jamhuriyar Nijar, wato 'yan giram na takin zamani, cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka.

Yanzu a dubi buhun PICS na ajiyar wake, wanda babu nano a cikinsa ko kaɗan. Leda biyu ne masu kaurin maikuron 80 kowace, cikin buhun saƙa, a ɗaure kowanne dabam. Larry Murdock, masanin ƙwari na Jami'ar Purdue, ya fara aikin da masu binciken Kamaru a Marwa a ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ta yi aiki tun a lokacin, amma ba ta bazu sosai ba sai daga 2007, da aka sami tallafin Gidauniyar Gates aka kuma faɗaɗa da'irar. Masana tattalin arziki irin su Jess Lowenberg-DeBoer da Tahirou Abdoulaye na cibiyar binciken noma ta IITA suka shigo da batun farashi da dillalai. Ibrahim Baoua ya yi gwaje-gwaje a Maraɗi. Kamfanin Lela Agro na Kano ya ƙera buhun. Malaman gona suka shiga dubban ƙauyuka, a ɗaure wake a gaban jama'a bayan girbi, a dawo bayan watanni a kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya duba. Rediyo ta yi nata da Hausa. Abin sha'awa, sai a 2012 masu binciken suka bayyana cewa ba shaƙewa kaɗai ke kashe ƙwaron wake ba: idan iskar numfashi ta yi ƙaranci ba ya iya samar da ruwan jikinsa daga abin da ya ci, sai ƙishirwa ta gama da shi.

Mai wannan maƙala yana ganin masu binciken nano a Arewa sun fi buƙatar karanta tarihin wannan buhu a kan tarihin kowace kyautar Nobel.

Tambayoyin da yankin ke da su

Ajiyar wake ce ta farko, kuma ita ce ta fi kusa da hannu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos, wato gubar da ke cikin fiya-fiya. Turai ta iya rufe ƙofarta. Mai sayen ƙosai da alala a Bichi ba shi da ɗakin gwaji. Buhun PICS ya rage matsalar ga mai buhu biyu ko goma, amma ɗan kasuwar Dawanau mai sito cike, wanda ke buɗewa yana rufewa kullum, yana neman wata mafita.

Akwai wata farar ƙasa mai laushi a Bularafa ta Jihar Yobe, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun zamanin da tafki ya rufe wurin. Dangin abin da hunturu ke kwasowa daga Bodele ce. Ɓawon na silika ne, cike da ramukan da wasunsu a ma'aunin nano suke. Idan garin ya taɓa ƙwaro sai ya tsotse maiƙon da ke rufe jikinsa, ƙwaron ya bushe ya mutu, ba tare da guba ba. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ta yi aiki a kan wannan ƙasa har ta fitar da garin da ta kira NSPRIDUST. Busasshiyar iskar Arewa ma ta dace da shi, domin laima ce ke rage masa ƙarfi.

A nan masanin nano yana da aiki na gaske: wane girman ƙwaya da wane faɗin rami ne suka fi kisa da ƙaramin awo? Amma ƙara laushin gari yana ƙara sauƙin shaƙarsa, kuma matan gida ne ke sheƙe wake da bakace shi a tsakar gida, da goyo a baya. Dole masanin ma'adinai ya auna ko akwai nau'in silika mai cutar da huhu a ciki, likitan ƙirji ya faɗi iyakar da ba za a ƙetare ba. Wannan yanki na ƙasar ba ya buƙatar a tuna masa abin da ƙurar ma'adini ke yi idan ta shiga gida: a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Sannan akwai ɗan kasuwa, wanda zai faɗa cikin minti ɗaya ko mai saye zai karɓi wake mai ƙura a jiki, da kuma nawa zai rage a kwano.

Ta biyu wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran ƙamshin saiwar dawa ko gero. Masana a Jami'ar Nagoya ta Japan sun bayyana a 2018 wani sinadari da ke yaudarar irin ya tsiro babu abin kamawa ya mutu, tawagar Salim Al-Babili a jami'ar KAUST ta Saudiyya ma tana kan wannan hanya. Abin da ya rage shi ne mazubin da zai riƙe sinadarin a cikin yashi mai zafi har ruwa ya sauka, kuma wannan aikin masu ƙera ƙwayoyi ne tare da masana ciyayi na IITA da na cibiyar Samaru da ke Zariya.

Ta uku ruwan Jakara ne. Rafin Getsi yana kwaso ruwan masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, ita kuma ta gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo a hanya. Bincike da dama ya sami ƙarafa masu guba irin su kuromiyom da dalma a ruwan da ƙasar. Ƙwayoyin nano masu tsotse ƙarfe suna aiki a kofin gwaji. Ina za a zubar da su bayan sun ƙoshi? Hana dattin fita daga masana'anta ya fi araha, kuma wannan aikin hukuma ne.

Abin da ke hana haɗuwa

Ba rashin cibiyoyi ba ne. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda Bankin Duniya ya zaɓa cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. IITA tana da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir. ICRISAT tana Kano. A Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, da tsangayar likitancin dabbobi, da cibiyar makamashi mai na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ke iya gano ɗan mitsitsin ƙarfe a cikin ƙasa ko ganye ko hanta. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da malaman gona na KNARDA. A kudu akwai rukunin binciken nano na LAUTECH a Ogbomosho ƙarƙashin Farfesa Agbaje Lateef, da na Nsukka inda Farfesa Fabian Ezema yake. A nahiya akwai cibiyar sadarwar NANOAFNET da Farfesa Malik Maaza ke jagoranta daga Afirka ta Kudu. Kuma an taɓa yin irin wannan haɗuwa a nan: waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda aka saki a Disamba 2019, aikin Samaru ne ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku tare da gidauniyar AATF da hukumar CSIRO ta Ostareliya, ya kuma bi ta hannun hukumar kula da lafiyar halittu kafin ya isa gona.

Cikas na farko yana cikin takardar ƙarin girma. A jami'o'i da dama makin maƙala yana raguwa gwargwadon yawan marubutanta, kuma ana kallon wadda aka buga a mujallar wani fanni da ido ɗaya. Malamin da ya yi lissafi zai ga gara ya canza ganye ya fitar da maƙala uku shi da ɗalibinsa, da ya shiga gwajin damina uku da mutum goma. Na biyu na'ura ce. Madubin ilektiron da ke nuna girman ƙwaya da siffarta yana da tsada, yana son wuta tsayayyiya da ma'aikaci ƙwararre, shi ya sa ake yawan aika samfuri ƙasashen waje. Wanda bai ga ƙwayarsa ba kuwa bai san abin da ya ƙera ba, balle wani ya maimaita. Na'ura ɗaya mai aiki, da jadawalin da kowa zai iya shiga, ta fi biyar da ke kulle a ofisoshi.

Na uku amana ce, kuma a Kano ba ƙaramin abu ba ne. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Duk wanda zai kawo abin da ido ba ya gani ya ce a zuba a abinci ko a gona, to ya shigo da masanin zamantakewa da malamin addini da dagaci da mai shirin noma a rediyo tun ana tsara tambaya. Masana shari'a su ma suna da abin dubawa: ko Dokar Kula da Ingancin Taki ta 2019 da ƙa'idojin NAFDAC sun wadatar a kan kayan da ƙarfinsu ya dogara ga girman ƙwaya, ba ga nauyi kaɗai ba.

Inda za a fara

Shawarar wannan maƙala gwaji ɗaya ne, ba cibiya sabuwa ba. A ɗauki ƙwayar nano guda wadda ake da dalilin zaton amfaninta, misali ta zinki. A tantance girmanta da siffarta kafin ta bar ɗakin gwaji. A sa ta a gonar dawa da wake a Minjibir da gonakin manoman da suka yarda bayan an yi musu bayani da Hausa, a gefenta a sa gishirin zinki na yau da kullum, a wani gefen takin gida da murfin kwalba. A auna tsaba, a ƙirga ƙulle-ƙullen saiwa, a ba awaki harawar, a duba jininsu da nononsu, a tara takinsu a mayar gonar, a maimaita damina uku. Masanin tattalin arziki ya riƙe littafin kuɗi da farashin Dawanau. A wallafa sakamakon ko da ya nuna babu wani bambanci.

Ana kira ga TETFund da ta sa irin wannan haɗuwa ta zama sharaɗin tallafin duk wani binciken nano da ya ambaci noma, ana kuma kira ga majalisun jami'o'in Kano da Zariya da Katsina da su gyara ma'aunin ƙarin girma yadda wanda ya shiga aikin mutum goma ba zai yi asara ba. Kafin irin wannan sakamako ya fito, bai kamata malamin gona ya shawarci manomin Bichi ko Ɗambatta ya rage buhun takinsa saboda wata kwalba ba.